Kada Mai Ya Haɗu Da Ruwa A Ƙarƙashin Ƙasar Kura Da Bunkure

A hutun zangon da ya wuce, ina kan hanyata ta zuwa gida, motar da na shiga ta yi faci a tsakanin Kwanar Gafan da Kura. Yayin da direba da yaronsa ke fama da taya, sai na taka zuwa wani fili a bakin titi inda ake ginin sabon gidan mai. Na tarar an haƙa wani makeken rami, ga tankuna uku na ƙarfe an jera a gefe, an shafe su da baƙin fenti suna jiran a binne. Abin da ya tsayar da ni shi ne wani ɗan injin ban ruwa da ke ta kuka a bakin ramin, yana kwashe ruwan da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Na ce wa wani dattijo cikin leburorin, “Baba, ruwan sama ne ya taru?” Ya yi dariya ya ce, “Haba ɗana, ai ka ga rani ake ciki. Ruwan ƙasa ne. Mu nan ko masai za ka haƙa sai ka yi da dabara.”

Tun daga ranar nan maganar dattijon ba ta bar zuciyata ba. Waɗannan tankuna za a cika su da fetur da gas da kalanzir, a rufe su da ƙasa, a malale samansu da siminti, sa'an nan su zauna shekara ashirin ko talatin tsundum a cikin ruwan da mutanen ƙauyen ke ja da guga suna sha. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne: a ƙasar noman rani ta Kura da Bunkure da Garun Malam bai kamata a ƙara binne tankin mai ba sai mai bango biyu, kuma tilas ne a riƙa gwada bangon nan na biyu a kai a kai, a gaban shaidu, a kuma bayyana wa jama'a sakamakon. Ba na zargin wani gidan mai da cewa tankinsa na yoyo. Abin da nake cewa shi ne, tankin da ba a gwada ba, ko mai shi ba ya iya rantsuwa a kan lafiyarsa.

Bari mu fara da ƙasar kanta, domin ita ce ta bambanta wannan yanki da sauran sassan Jihar Kano. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar ruwa ta Tiga, aka gama ta a 1974, daidai lokacin da farin 1973 ya nuna wa kowa cewa dogaro da damina kaɗai ganganci ne. Daga Tiga aka ja babban kanal aka kawo ruwa Kadawa da kewayenta, da niyyar shayar da hekta 22,000 a kashin farko na aikin. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are, ta karɓi ragamar aikin. Albarkar da wannan ruwa ya kawo ba ta ɓoyu ga kowa ba. Shinkafar Kura ta yi suna a duk faɗin Nijeriya, tumatirin Kwanar Gafan yana kaiwa har Legas, ga alkama, ga albasa, ga masara a tsakiyar rani.

Amma fa ruwan da aka kwashe shekara 50 ana malalawa a gonaki, ba duka shuka ke shanyewa ba. Wani yana tsiyaya daga kanal, wani yana nutsewa daga fadamun shinkafa, kuma inda magudanan fitar da ruwa suka toshe da ciyawa da laka, sai ya rasa hanyar fita. A hankali ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi ta hawowa, har ya zama a wurare da dama mai haƙa ba ya kai tsayin mutum biyu sai ya gamu da shi, a wasu gonakin kuma ƙasa ta jiƙe ta yi dausayi, gishiri ya fito a samanta. Masanan tashar bincike ta Kadawa, wadda ke ƙarƙashin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, sun daɗe da sanin wannan matsala, kuma gyaran kanal da magudanai na cikin abin da shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya zo yi. To, ramin tankin mai kuwa yakan kai zurfin mita uku zuwa huɗu. Mai karatu ya haɗa lissafin da kansa.

Ga kuma wani abu. Noman rani da kansa shi ya jawo gidajen mai zuwa yankin. Dubban ƙananan injunan ban ruwa suna shan fetur, injunan casar shinkafa da taraktoci suna shan gas, ga manyan motocin da ke ɗibar tumatir, ga zirga-zirgar titin Kano zuwa Zariya da ba ta yankewa dare da rana. Duk wanda ya bi hanyar nan daga Ƙarfi zuwa Kura zuwa Chiromawa, ko ya ratsa zuwa Bunkure, zai ga gidajen mai sun jeru, wasu sababbi, wasu tsofaffi, wasu kuma an rufe su ciyawa ta cinye farfajiyarsu. A ƙarƙashin kowannensu akwai tankuna, kuma a bayan katangar da yawa daga cikinsu akwai gida da rijiya, ko gona da magudana.

Mene ne ke faruwa ga tankin ƙarfe da ke kwance a jiƙaƙƙiyar ƙasa? Abu na farko tsatsa. Ƙasa mai laima da gishiri tana cin ƙarfe fiye da busasshiya, kuma fentin da aka shafa yakan kankare tun wajen sauke tankin cikin rami. Tsatsa ba ta buƙatar ta cinye tankin duka, ƙofa ɗaya kamar ta allura ta isa. Abu na biyu, ruwa yana ɗaga duk abin da ke da iska a cikinsa. Tanki mai cin lita 30,000, idan babu mai a ciki kuma ruwa ya rufe shi, ƙarfin da ke tura shi sama ya kai nauyin tan 30. Idan ba a ɗaure shi da kyau a jikin kankare ba, sai ya motsa, kuma ko ɗan motsi kaɗan ya isa ya tsage mahaɗar bututun da ke kai mai zuwa famfo. Abu na uku, yawancin ɓarnar ma ba daga jikin tanki take fitowa ba. Daga bututu take fitowa, da mahaɗai, da ƙarƙashin famfon sayarwa, da kuma bakin tanki inda tanka ke juye mai, ana zubar da kofi ɗaya yau, kwano ɗaya gobe.

Fetur ya fi ruwa rashin nauyi, saboda haka idan ya tsiyaya ba ya nutsewa can ƙasa. Yakan kwanta a saman ruwan ƙarƙashin ƙasa, ya bi shi duk inda ya gangara, wani sashensa kuma ya narke a ciki. Rijiyar da ake yawan ja, ko burtsatsen da ake yawan bugawa, ita ce ke janyo shi wajenta. A cikin fetur akwai wani sinadari da ake kira benzin, wanda likitoci suka tabbatar yana jawo sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada ya wuce kashi 1 cikin 100 na miligiram a litar ruwan sha. Idan a ce kashi 1 cikin 100 na fetur benzin ne, to lita guda tak tana ɗauke da kusan giram 9, watau abin da zai iya kai ruwa sama da lita 800,000 ga wannan iyaka. Gaskiya ne ƙasa tana riƙe wani sashe, ƙananan halittun cikinta suna cinye wani, amma ko da an rage, abin da ya saura ya isa abin tsoro ga gidan da ke shan rijiyar, da matan da ke turara shinkafa da ruwanta.

Wani zai ce, ai mai gidan mai ba wawa ba ne, kullum yaransa suna zura sandar awo cikin tanki, idan mai na ɓata zai gani a littafi. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma bari mu auna ta. A Amurka, gwajin tanki da doka ta yarda da shi tilas ne ya iya gano yoyon da bai wuce kashi 1 cikin 10 na galan a awa guda ba. Wannan kimanin lita 9 ke nan a yini, watau sama da lita 3,300 a shekara, fiye da duro 16. To, gidan man da ke sayar da lita 5,000 a yini, ina zai lura da ɓatan lita 9? Shi fetur ma da kansa yana kumbura yana tsukewa da zafi da sanyi, har tanki mai lita 30,000 yakan canja da kimanin lita 30 idan zafinsa ya sauya da digiri guda. Ga wanda ke bin iska, ga kuskuren karatun sanda, ga zargin da akan ɗora wa yaran famfo. Sau da yawa yaron da aka yanke wa albashi bisa zargin sata, tsatsa ce ta yi satar. Ido ba mudu ba ne, sanda kuwa ba ta ganin ƙofar allura.

Akwai wata alama da ƙasa irin ta Kura ke bayarwa, wadda ya kamata direbobi da 'yan acaɓa su sani. Ƙofar da mai ke fita ta cikinta idan tanki ya cika, ta nan ruwa ke shiga idan tanki ya yi ƙasa. Idan aka sha mai a wani gida, mota ta kama shaƙewa, bakanike ya tsiyayo ruwa daga tankinta, nan da nan sai a ce mai gidan ya yi algus. Mai yiwuwa ne ruwan sama ya shiga ta murfi, amma kuma mai yiwuwa ne tankin ya huje. In kuwa haka ne, asarar mai mota ƙarama ce a kan ta maƙwabcin da ke da rijiya.

Ba mu ne farkon waɗanda suka gamu da wannan ba. A unguwar Baruwa ta Legas, tun tsakiyar shekarun 1990 man da ya tsiyaya daga bututun ƙarƙashin ƙasa ya shiga rijiyoyin jama'a, aka kwashe shekaru mutane suna jan guga suna ganin mai a saman ruwa. A ƙasar Ogoni, rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya sami rijiyoyi a Nisisioken Ogale da benzin ɗin cikinsu ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya sau 900, ga kuma tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a saman ruwan ƙasa. Waɗannan biyun daga bututu ne, amma darasinsu ɗaya ne da na tanki: da zarar mai ya shiga ruwan ƙasa, fitar da shi aikin shekaru ne da kuɗin da ƙaramar hukuma ba ta da shi. Mu a Arewa mun san haɗarin mai ta fuskar wuta, musamman bayan abin da ya auku a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024, inda fashewar tanka ta ci rayuka sama da 150. Wuta ana ganinta, ana kuka, ana zuwa jaje. Yoyo kuwa shiru yake aikinsa.

Amurkawa ma sai da suka sha wuya suka koyi hankali. A 1984 majalisarsu ta yi dokar tankunan ƙarƙashin ƙasa, a 1988 aka fitar da ƙa'idoji, aka ba masu tsofaffin tankuna wa'adin shekara 10 su gyara ko su rufe. Daga lokacin zuwa yanzu an tabbatar da yoyo a wurare sama da 500,000 a ƙasar. A 1996 birnin Santa Monika na Jihar Kalifoniya ya rufe rijiyoyin da ke ba shi kusan rabin ruwan shansa, saboda wani sinadarin fetur mai suna MTBE da ya tsiyaya daga tankunan gidajen mai, kuma sai a 2010 rijiyoyin suka koma aiki. Saboda irin wannan ne ƙa'idojin 2015 suka wajabta bango biyu ga duk sabon tanki da bututu, suka kuma ce a gwada kayan tare yoyo duk shekara 3, a zagaya a duba su da ido duk kwana 30. Ita Kalifoniya ma ta sa ranar 31 ga Disamba 2025 ta zama wa'adin rufe duk tanki mai bango ɗaya. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

To, mene ne bango biyun nan? Tanki ne a cikin tanki. Na ciki yana riƙe mai, na waje, wanda akan yi da ƙarfe ko da roba mai tauri da ake kira faiba, yana kewaye da shi, kuma a tsakaninsu akwai 'yar rata. Idan na ciki ya huje, mai zai zuba cikin ratar, ba cikin ƙasa ba. Idan na waje ya huje, ruwan ƙasa zai shiga ratar, bai kai ga mai ba. Ko wanne ya auku, mai lura da ratar zai sani tun ɓarna ba ta fita ba. Haka ake yi wa bututu, a zura ƙarami cikin babba. A ƙarƙashin kowane famfon sayarwa, da saman kowane tanki inda bututu suka haɗu, ana ajiye akwatin da ba ya yoyo domin ya tare abin da ya ɗiga. A bakin da tanka ke juye mai kuma ana sa wani kamar bokiti, ya tare abin da ya fantsama.

Sai dai a nan ne gizo ke saƙar. Bango na biyu ba ya aikin komai sai ranar da na farko ya gaza, kuma wannan rana tana iya zuwa bayan shekara 15. A duk tsawon shekarun nan shi ma yana tsufa. Robar da ta toshe inda bututu ya ratsa akwati tana bushewa ta tsage, ƙasa tana motsi, nauyin tankokin da ke hawa farfajiya yana danna shi. Idan ya lalace ba abin da zai canja a sama: famfo na zuba, ciniki na tafiya, littafi na daidai. Kamar safayar taya ce da ke bayan mota. Direban da bai taɓa duba iskarta ba yana tafiya da kwanciyar hankali, sai ranar da ya yi faci a daji ya tarar ita ma a sace take. Bango na biyu da ba a gwadawa ya ma fi rashinsa haɗari ta wata fuska, domin yana sa mai gida da jami'in gwamnati duka su saki jiki.

Gwajin kuwa ba wani tsafi ba ne, duk wanda ya taɓa tsayawa wajen mai faci ya ga asalinsa. Ratar da ke tsakanin bangayen tanki akan zuƙe iskar cikinta, a toshe, a ɗaura geji, a jira awa guda ko biyu. Idan allurar geji ta tsaya cak, bangayen biyu lafiya suke, idan ta motsa akwai ƙofa. Ratar bututu kuma akan hura mata iska kaɗan, a jira awa guda ana kallon geji. Akwatin ƙarƙashin famfo da bokitin bakin tanki, su da ruwa ake gwada su. A zuba ruwa a akwati har ya haura mahaɗar da ta fi kowace bisa da kimanin santimita 10, a yi alama, a jira awa guda. Idan ruwan ya sauka fiye da milimita 3, akwatin ya faɗi. Na'urar da ke yin ƙara idan ta ji ruwa ko mai, ita ma sai a ciro ta a tsoma a ruwa a ji ko za ta yi kukan. Amma fa aikin na ƙwararru ne, domin hura iska cikin tankin da ke da tururin fetur neman gobara ne, kuma ruwan da aka yi gwaji da shi ba a juye shi a magudanar gona.

Na san za a kawo hujjoji a kan wannan ra'ayi, kuma ya kamata a saurare su. Na farko, tsada. Tanki mai bango biyu ya fi mai bango ɗaya kuɗi, kuma tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, jarin cika tanki ɗaya ya ninka, ƙananan 'yan kasuwa da yawa sun jigata. Wannan gaskiya ce. Amma a kwatanta kuɗin da na abin da ake tsaro. Lita 3,300 a shekara, a farashin yau, asara ce da ta isa ta biya gwaji sau da yawa, tun kafin a zo ga maganar rijiyar maƙwabci. Sa'an nan ba cewa nake a tone duk tankunan yankin gobe da safe ba. Sababbi a wajabta musu tun daga yau, tsofaffi kuma a ba su wa'adi kamar yadda Amurka ta yi, a fara da waɗanda suka fi kusa da rijiyoyi da kanal.

Na biyu, za a ce kayan Turawa ne masu buƙatar wutar lantarki, mu kuwa mun san halin wutarmu. Wannan ma hujja ce a gare ni, ba a kaina ba. Na'urar da wuta ta ɗauke mata ba ta kuka, saboda haka mu ne muka fi kowa buƙatar gwajin hannu na geji da ruwa da ma'auni, wanda ba ya jiran kowa ya kawo wuta. Na uku, za a ce ga takin zamani da maganin feshi suna shiga ruwan nan kullum, ga dagwalon masana'antun fata na Chalawa, me ya sa za a tasa gidan mai a gaba? Amsa ita ce, gonaki dubbai ne, gyaran halin manoma aikin zamani guda ne, amma gidajen mai ƙidayayyu ne, kowanne da lasisinsa da adireshinsa da mai shi. Ɓarnar da aka san ƙofarta ita ake fara toshewa.

Hukumomin da za su yi aikin kuwa akwai su. Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta rushe tsohuwar DPR, ta ɗora lasisin gidajen mai a kan hukumar NMDPRA. Akwai NOSDRA da aka kafa a 2006 domin malalar mai, ga Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Kano, ga Hukumar Kogunan Hadeja da Jama'are, ga ƙananan hukumomin uku. Kafin a ba sabon gidan mai lasisi akan nemi shaidar gwajin tankunansa, kuma wannan abu ne mai kyau. Amma gwajin ranar binnewa shaida ce ta lafiyar jariri ranar suna, ba ta faɗin halin da zai kasance yana ɗan shekara 20. Abin da nake roƙo guda biyar ne.

Na ɗaya, Hukumar Koguna ta fitar da taswirar wuraren da ruwan ƙasa ke kusa, a miƙa wa NMDPRA, kada a yarda da sabon tanki a cikinsu sai mai bango biyu, ɗaure da kankare. Na biyu, a gwada bango na biyu da akwatuna da bokitai aƙalla duk shekara 3, a kuma yi gwajin a ƙarshen damina lokacin da ruwan ƙasa ya kai maƙura, kada a sabunta lasisi sai da shi. Na uku, gwajin ya kasance a gaban jami'in hukuma da wakilin ƙungiyar manoma masu amfani da ruwan kanal da wakilin dagaci, a rubuta sakamakon da Hausa a manna a bangon gidan man inda kowa zai gani. Na huɗu, a haƙa ƙananan rijiyoyin dubawa a gefen ramin tankuna, abin da a ƙasar nan ba zai wuce aikin yini guda ba. Na biyar, gidajen da aka rufe a tilasta wa masu su su tsotse abin da ya rage, su tone tankunan ko su wanke su cika su da yashi, domin tankin da ba mai zura masa sanda shi ya fi kowanne haɗari. Ƙungiyar IPMAN kuwa, in ta haɗa 'ya'yanta suka ɗauki ƙwararre guda ya bi su gida gida, kuɗin zai yi wa kowa sauƙi.

Yanzu sai in juyo gare ku, 'yan'uwana ɗalibai. Kowace shekara ɗaruruwanmu a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Wudil muna neman abin da za mu yi bincike a kai domin kammala digiri, da yawa kuma mukan ƙare da juya abin da na gabanmu suka rubuta. Ga aiki nan a bakin ƙofa, tafiyar ƙasa da awa guda daga Kano. Ɗalibin labarin ƙasa ya ƙirga gidajen man da ke tsakanin Ƙarfi da Chiromawa da Bunkure, ya auna tazarar kowanne da rijiya mafi kusa. Ɗalibin kimiyyar haɗa sinadarai ya ɗebo ruwan rijiyoyin ya auna. Ɗalibin injiniya ya auna zurfin ruwan ƙasa rani da damina. Ɗalibin shari'a ya bi dokokin ya nuna inda suka bar giɓi. Ɗalibin Hausa kuma ya fassara sakamakon ga mutanen da abin ya shafa. Da mun yi haka shekara biyu a jere, da mun ajiye wa hukuma abin da ba za ta iya kau da kai daga gare shi ba.

Ku kuma yayyenmu da kuka kama aikin gwamnati kwanan nan, wata rana fayil irin wannan zai iso teburinku. Za a ce muku Alhaji na sauri, takardar gwaji tana ciki, hannu kawai za ku sa, wataƙila ma a haɗa da ɗan abin goro. Ku tambaya: wa ya yi gwajin, yaushe, wa ya tsaya a kai, allurar geji nawa ta nuna da farko, nawa ta nuna da ƙarshe? In amsa ba ta gamsar ba, ku shiga mota ku je ku gani, gani ya kori ji. Sa hannun minti guda yana iya zama sanadin rufe rijiyar da kakannin wani suka haƙa, kuma mutumin ƙauyen da abin zai faɗa wa ba shi da lauya, ba shi da kuɗin ruwan leda na kullum.

Magabatanmu sun kashe dukiyar jihar nan suka kawo ruwa ƙasar Kura da Bunkure domin talaka ya yi noma sau biyu a shekara. Mai kuma tilas ne, domin in babu shi injin ban ruwa ba ya tashi. Ruwa da mai duka bayin manomi ne, muddin akwai bango a tsakaninsu, kuma muddin akwai mai zuwa lokaci lokaci ya tabbatar bangon na nan. Tankunan nan uku da na gani a bakin hanya, yanzu haka an binne su, an malale siminti, ana ta ciniki a kansu. Ina fata kafin su shekara uku a ƙasa wani daga cikin masu karanta wannan mujalla zai tsaya a kansu da geji a hannu. Allah ya sa mu dace, amin.